Tazarar Bayan Gado

Shekarar da albasa ta yi daraja a kasuwar Jega
na dawo Aliero da kuɗi ɗaure a ƙugu,
na tsaya kan fegina da ke bayan makaranta,
na ce daga bana gidan haya ya ga ƙeyata.

Maidamma birkila ya zo da igiya a aljihu,
ya taka filin gabas da yamma,
ya tsuguna ya murza ƙasa a yatsa,
ya ce, "Ba ni jinga ka je ka yi barcinka,
wata huɗu ka zo ka karɓi mabuɗinka."
Da ya faɗi kuɗin sai da na dafa katanga.
Na ce, "Ni da ke duban fadama
in faɗi buhunta tun ba a tone ba,
bulo ne zai gagare ni ƙirga?"
Bai ja ba. Ya naɗe igiya, ya hau kekensa.

Na zama mai gida, na zama mai gadi,
ni ne ɗan aike, ni ne magatakarda.
Asuba ina bakin gulbi da mai tifa,
ya rantse yashi ne wankakke, ashe rabi laka.
Hantsi siminti goma sha biyu,
la'asar tara, kuma ba wanda ya ga fitarsa.
Lebura ya ce ciki ya murɗa,
da yamma ga shi da kwanon sarki a ginin wani yana gudu.
Kafinta ya karɓi kafin alƙalami ya tafi biki,
sati uku ya dawo yana tambayata ya iyali.
Albasa ta jira ban-ruwa har ta sunkuya.

Kullum safiya Maidamma zai gifta,
ya sassauta keke, ya dubi kusurwar gabas,
ya ce, "Sannu da aiki," ya yi gaba.
Na ce a raina hassada ce.

Maƙwabcina Nabunkari ya ba ɗan kwangila,
wani mai farar mota da baƙin tabarau.
Wata uku gida ya tashi sumul kamar ƙwai,
yakan leƙo da goro a kunci yana tausaya mini.
Damina ta zo ta duba masa aiki:
ka sa farce a bango ya zubo kamar gari,
rodi biyu inda aka biya na huɗu.
Yanzu in hadari ya haɗo, zauren ƙaninsa yake kwana.

Nawa bangon ƙusa ma lanƙwashewa take,
a gabana aka kwaɓa kowane buhu.
Sai ranar tarewa,
aka tura gado ya jingina:
kai ya taɓa bango, ƙafa ta ƙi,
taƙi guda da yatsa uku tsakaninsu.
Tumba ta dubi gadon, ta dube ni,
ta fita da bakin zane a baki.

Na iske Maidamma gindin dalbejiya.
"Tun jeri na biyu na gani," in ji shi.
"Me ya hana ka faɗa?"
"Bulo ka ce za ka ƙirga, kuma ka ƙirga daidai.
Igiya ce ba ka tambaya ba."

Da dare na kunna fitila na yi lissafi.
Rarar da na ci daga jingarsa
ita ce albasar da ta bushe a fadama,
da ɗoriyar takalmi biyu da suka cinye a hanya.

Tazarar tana nan.
Autata ta mai da ita ma'ajiyar littafi,
bara mage ta haihu a ciki, 'ya'ya huɗu.
Bana zan ƙara ɗaki ɗaya daga kudu,
na aika a kira Maidamma, ya zo da igiyarsa.
Mabuɗin ɗakin siminti dai
yana wuyana.